Filasha da Rana Tsaka

Ranar da komai ya sauya min, ina laɓe a zaure ina leƙen mai hoto a ƙofar gidanmu, Sabon Garin Wudil.

Lokacin kuɗin man fetur ya kwashe maza zuwa Legas. Maigidana yana can, bai taɓa ganin 'yarmu Binta ba. Hoton farko da aka ɗauke ta rana na bayanta, fuskar ta fito baƙi ƙirin, na ƙi aikawa. Ni da littattafan soyayya suka cika wa kai, so nake ya buɗe ambulan ya yi ƙwalla.

Wannan karon sai mai hoton ya ɗaura wa kyamarar dogon gilashi, ya ja baya, ya kunna filasha, fitilar kyamara.

Surukata, tana riƙe da Binta, ta ce, "Malam, da rana tsaka? Hasken Allah bai ishe ka ba?"

Ya ce, "Inna, ya ishi ƙeyarta. Fuskar ce ke cikin inuwa."

Hoton ya fito har da kwallin idonta. Na aika, maigida yana gani ya hawo mota zuwa gida.

Waye har yau yake ajiye da irin hoton nan? Ni dai da maigida ya tambayi tsarabar da nake so nan gaba, na ce kyamara mai filasha.