An ɗaura aurenmu muna bakin teku

Shekarun baya can, farkon shekarun casa'in, muna zaune a gidan council, wato gidan hayar gwamnati, a unguwar Edmonton ta Landan, saurayina ya zo mini da zancen da ya sa na yi dariya har da riƙe ciki: wai zai shiga sojan ruwa. Mutumin da ko yayyafi aka fara sai ya ruga rumfar jiran bas. Na ce, "Kai ɗin? A wane ruwan?" Bai yi dariya ba. Ya ce ya gaji da ɗaukar kwalaye a shagon mutane a Old Kent Road, yana son aikin da zai faɗa a gaban mahaifina kansa a ɗage. Nan na haɗiye dariyata.

Iyayensa 'yan zangon Kumasi ne, amma a Landan aka haife shi. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta rene shi da aikin sharar ofisoshi a wajen Charing Cross. Mu kuma Kanawa ne, irin waɗanda ba sa wasa da sa rana. Kafin ya tafi sansanin horo can bakin teku, manya suka zauna suka tsayar da wata Juma'a, bayan ya gama da 'yar tazara. Aka raba goro da alawa, aka kama zauren biki, 'yan'uwa a Kano suka yanki tikitin jirgi.

Ni dai aikina ya zama aika masa dambun nama da jiran waya. Wayar kuwa a falo take, dab da kujerar mahaifina, saboda haka soyayyarmu duk ta ƙare a "Ya sanyi?" da "Allah ya taimaka." Shi kuma ya yi ta ba ni labarin guga da goge takalmi, kamar wanki ya tafi koyo.

Wata ranar Lahadi ya kira. Ya faɗi gwajin iyo. An mayar da shi cikin ajin da ke bayansu, kuma sabuwar ranar faretin yaye su ta faɗo daidai kan Juma'ar ɗaurin aurenmu. Wallahi tsokana ta zo mini har baki, na danne ta da ƙyar.

Da aka gaya wa manya, ko a jikinsu. Mahaifina ya ce rana ba ta tashi, ai ba a buƙatar ango a wurin ɗaurin aure, kawunsa zai karɓa masa, shi ya iso walima ranar Asabar. Kowa ya yi hamdala. Ni kaɗai abin ya tsaya wa a rai, don idan kowa yana Edmonton, wa zai je masa fareti? Mahaifiyarsa ba ta taɓa fita Landan ita kaɗai ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "It's fine, ba sai kowa ya zo ba." Na san ƙarya yake. Tun makon farko yake ba ni labarin yadda iyalai ke cika filin, kowa yana neman nasa.

Na sami mahaifiyata a kicin tana tuyar cincin, na ce ina so in je.

Ta ajiye matsami. "Ki je ina? Ranar aurenki? Amarya da lalle a jirgin ƙasa? An yi booking ɗin komai, goggonninki sun taso tun daga Kano, in ce musu me? Amarya ta tafi kallon soja?"

Na ce, "Umma, ba shi da kowa a can."

"Yana da Allah," in ji ta, ta koma kan tuyarta.

Na yi kuka, na yi fushi, har abinci na ƙi ci, kodayake yajin nawa bai hana ni satar cincin ba. Sai ana jibi biki mahaifina ya kira ni. Ya tambaye ni ko na san abin da amarya take yi lokacin da ake ɗaura aure. Na ce zama a ɗaki. Ya ce, "To zaman a jirgi ma zama ne." Ashe har ya buga waya ofishin sansanin da Turancinsa na fita kunya, ya shaida musu mutum biyu suna tafe. Sharaɗinsa ɗaya: ƙafata ƙafar mahaifiyar yaron.

Da safiyar Juma'a muka hau jirgi a tashar Paddington, hannuwana jawur da lalle, na ƙudundune su cikin mayafi. Mahaifiyarsa, wadda kowa "ka" take ce masa irin na Hausar zango, ta kama hannun ta fito da shi. "Ka bar ɓoye shi, ɗiyana. Ka bar su gani." Haka ta riƙe shi kusan duk tafiyar.

Filin ya cika maƙil, iskar teku tana neman tafiya da ɗankwalina. Sabbin sojojin suka fito a jere, kaya iri ɗaya, fararen huluna iri ɗaya. Ni da nake cika baki ko cikin dubu zan gane shi, na duba na duba ban ga kowa ba. Mahaifiyarsa ce ta zungure ni. "Ga shi can. Tafiya na babanshi." Hawaye kawai take yi, ba ta ko sharewa.

Ana tashi na ruga akwatin waya na kira gida. Mahaifiyata ta ɗauka, ina jin guɗa tana tashi a bayanta. Ta ce, "An ɗaura." Sannan ta ce, "Kin gan shi? Bai rame ba dai?" Kafin in amsa ta ƙara da cewa in rufe kaina da kyau, ni matar aure ce yanzu.

Mun same shi a gefen fili shi kaɗai, ya ba taron baya, yana ta gyaran hular da ba abin da ya same ta. Mahaifiyarsa ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana goye. Ya juyo. Ya dube ta, ya dube ni, bakinsa a buɗe. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ke ba yau ne aurenki ba?"

Na ce, "An ɗaura tun ɗazu. Allah ya sanya alheri, ango."

Soja guda, a gaban manyansa, ya durƙusa ya rufe fuska da hula yana kuka.

Na halarci bukukuwa da yawa tun daga nan, wasu an kashe musu abin da ya fi ƙarfin lissafina, amma ban taɓa jin kishin ko ɗaya ba. Abin da na gane shi ne, ranar da mutum ya ce maka ba sai ka zo ba, wani lokaci ranar ce ya fi buƙatar ya ɗaga ido ya gan ka. Har gobe ina jin daɗin na je. Idan 'ya'yanmu suka tambaye mu yadda aka ɗaura aurenmu, sai mu dubi juna mu ce su je su tambayi kakarsu ta wajen uwa, don mu ma labari aka ba mu.