Akuyar Kan Gada

Kaf unguwar babu wanda ya kai Baba Tafireta yawon duniya. Jirgin ruwa ya taɓa kifewa da shi, ya shiga kogo, ya yi ciniki da 'yan fashin teku. Duk wannan ya yi shi ne a kan kujerar ofishin rajistar filaye, tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana, lokacin da oga ya fita cin abinci.

Shekararsa ashirin yana buga takardu aka ɗauke masa tafireta aka ajiye masa kwamfuta, amma sunan bai bi tafiretar ba. Wanda ya haɗa kwamfutar ya bar wani wasa a ciki: ɗan mutum mai jar hula, ruwa ya jefo shi tsibiri. Inda ka nuna da kibiya ka danna, nan zai je. Abin da ka nuna, ya ɗauka. Aljihunsa ya ci igiya, fitila, mataccen kifi, har da tsani.

"Wannan telan nasa nake nema," in ji masinja, wanda kullum yake tsaye a bayansa da kofin shayi.

Cikin wata uku suka gama tsibirin, sai gada. A kan gadar akwai akuya, kuma ta ƙi matsawa. Baba ya miƙa mata kifi, ya haska ta da fitila, ya nuna mata tsani. Kowane karo ɗan mutumin sai ya juyo ya girgiza kai.

"Yallaɓai, ka yi mata magana da ladabi mana," in ji masinja. "Wataƙila babbar ma'aikaciya ce."

"Da babba ce, da ta tafi cin abinci."

Haka suka yi shekara bakwai. Baba ya cika littafi guda da abubuwan da akuya ba ta so. Ya fara gaya wa 'ya'yansa cewa masu wasan mutane ne masu zurfin tunani, sun gina shi ne don koyar da haƙuri. Sannan aka sauya kwamfutocin ofis, ya yi ritaya, masinja kuma ya rasu bai ga ƙetaren gadar ba.

Bara autarsa ta zo hutu, ya ba ta labarin a karo na ɗari. Ta yi 'yan danne-danne a kwamfutarta ta cinya, ta juyo masa da ita. Kiɗan wasan nan mai kama da kukan sauro ya tashi. Baba ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

Kwana biyu ya yi ya isa gadar, hannunsa bai manta komai ba. Akuya tana nan, ko tsufa ba ta yi ba.

"Baba, wancan fa?" in ji auta, ta nuna can gefen dama.

Kabeji ne, ƙato, a gindin gada.

"Da babu shi," in ji Baba. "Sabo ne."

"Baba, wasan ya girme ni."

Ya ɗauka ya miƙa. Akuya ta karɓa ta kauce. Ya ƙetare a hankali, aka hau kwalekwale, aka rubuta sunayen waɗanda suka ƙirƙiri wasan. Minti huɗu.

Da yamma ya kira mai gyaran kwamfutocin ofis na da. Mutumin ya ce ai tsohon allon kwamfutar nan yana cinye faɗin yatsa biyu na hoton ta hannun dama, kuma akwai ɗan abin murzawa a ƙasansa na daidaita hoton.