Tayin da Aka Karɓa a Guangzhou

A Kantin Kwari, idan mai kaya ya faɗi kuɗi, rabi ake tayawa, kuma ba wanda yake jin haushi. Shi ya san ba ka nufin saya a haka, kai ma ka san ba zai sayar ba. Ya ce albarka, ka ƙara, ya rage, ku tambayi lafiyar iyali a tsakani, har ku haɗu a inda kowa zai ci abinci. Tayin farko gaisuwa ce kawai. Da wannan tarbiyya na sauka birnin Guangzhou na China a ƙarshen shekarun casa'in, kuma ba a samu mutum ɗaya da ya ja ni gefe ya ce min a nan ba a wasa da lamba ba. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Lokacin ba mu da yawa a unguwar Xiaobei. Idan ka hango baƙar fata a ɗaya gefen titi sai ka tsallaka ka yi masa sallama, ko ba ka san shi ba. Jallabiya nake sarowa, ta maza, mai aiki a wuya, irin wadda ake rububi da azumi. Mai kai ni wurin masu ɗinki wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi. Ya riga mu zuwa garin da shekaru, ya ji yarensu, yana cin la'adarsa a kan kowace oda. Alhaji muke ce masa, ko da yake ban taɓa jin ya ba da labarin Makka ba.

Wurin ɗinkin yana hawa na uku na wani tsohon gini a bayan titin Liuhua, kusa da tashar jirgin ƙasa. Kekuna kamar ashirin, kusan duk mata ne a kansu. Mai wurin, wanda kowa yake kira lawban, wato maigida, siriri ne, kullum da taba a baki da kalkuleta a hannu. A keken da ke jikin taga akwai wata mata da za ta haura arba'in, ita take yin wuya. Duk wanda ya san jallabiya ya san wuya ne rigar, sauran ɗinkin buhu ne. A zuwana na farko ta ɗauki samfurin da na kawo, ta jujjuya shi, ta dubi wuyana, ta yi wa Alhaji magana. Wai an matse shi da yawa, mai jiki ba zai iya zura kai ba. Ta ƙara masa faɗin yatsa biyu. Wannan ƙarin ne ya sa kayana suka riga na kowa ƙarewa a Kwari.

Ba mu taɓa hira ba, da wane baki? Nihaw, nihaw, wato sannu, shi ke nan. Amma idan azahar ta same ni a wurin, ita take ture kwalaye ta share min inda zan yi sallah, idan ana sanyi kuma ta tsiyayo min ruwan ɗumi in yi alwala. Da rana tsaka takan ɓace na awa guda. Alhaji ya ce mijinta ne yake kwance a wani ɗakin haya a bayan tasha, ɓarin jikinsa ya shanye, ita take zuwa ta juya shi, ta ba shi abinci, ta dawo kan keke. A ƙafa take zuwa ta dawo.

A zuwana na uku na zo da kuɗi masu kauri, nawa da na surukina, zan ba da odar da ban taɓa ba da irinta ba. Muka zauna a ɗan ofishin lawban, ya zuba mana shayi a waɗannan kofunan nasu da ba sa cika baki. Ya buga kuɗin riga ɗaya a kalkuleta ya turo min. Wallahi bai yi tsada ba, ko a haka na saya na ci riba. Amma hannu ya saba. Na goge, na buga rabi da 'yar ɗoriya, na tura masa, na jingina ina jiran ya ce meyo, wato babu, in ƙara.

Bai ce meyo ba. Ya daɗe yana kallon lambar, ya tambayi Alhaji riga nawa na ce, Alhaji ya maimaita masa. Ya kashe tabarsa ya ce mu dawo jibi. Da muka dawo ya ɗora wani abu da bai taka kara ya karya ba a kan tayina, ya miƙo hannu. Alhaji yana zaune, ya san garin, ya san abin da wannan shirun yake nufi, ko ƙafa bai taka min ba. La'adarsa a kan yawan kaya take, farashi bai dame shi ba.

Ni kuwa na fito ina hura hanci. A gidan abincin Musulmin da muke haɗuwa bayan la'asar, ban bar kowa ya ci taliyarsa cikin kwanciyar hankali ba. Na ce ku kun zo China kuna biyan abin da aka faɗa muku kamar masu sayen magani a kemis. Na faɗi kuɗin, na faɗi titin, har hawa na ukun sai da na kwatanta musu.

Bayan sati uku na je duba aiki, na tarar da ƙofa a buɗe, ɗakin wayam. Sai zare a ƙasa da shatin ƙafafun kekuna. Na ɗauka an gudu da kafin alƙalamin da na bayar. Alhaji ya ce in kwantar da hankalina, kayana suna nan ana yi, an dai kwashe kekunan ne zuwa wajen gari.

Na ce, "Saboda me?"

Ya ce, "Saboda kuɗin da ka taya, ɗan'uwa."

A nan ya yi min bayanin da ya kamata ya yi tun muna shan shayi. Mafi ƙarancin albashi a yankin ba ɗaya ba ne, an kasa shi gida-gida. Cikin birni da nasa, ƙananan hukumomin da ke kewaye da birnin da nasu, wanda bai kai na birni ba. Dama daidai na birni lawban yake biyan matan nan, babu ƙarin ko kwabo. A nan ba shi da halin ragewa, ana zuwa a duba. Amma idan ya loda kekunan a mota ya ƙetare iyakar birni, doka da kanta za ta rage masa. Ɗan'uwansa yana da rumfa a can, ya daɗe yana shawara, abin da ya tsayar da shi rashin odar da za ta ɗauke masa kuɗin ƙaura. Sai ga ni da tawa.

Wai ni ake yi wa bayanin mafi ƙarancin albashi. Shekara tara na yi a wata masaƙa a Sharaɗa kafin a sallame mu. Na san yadda ake rabe shi tun bai shigo hannu ba, na san ranar watan da yake ƙarewa. Na tsaya cikin rana a bakin get tare da 'yan ƙungiya muna zagin masu kamfani har muryata ta dushe. Ni ne kuma na zauna a kujera na zaftare wa mata ashirin abinci da yatsa ɗaya. Da a ce matsuwa ce ta sa ni, da na samu abin faɗa wa kaina. Na yi ne kawai don kada a ce ɗan Kwari ya saya bai taya ba.

Muna saukowa muka tarar da matar nan mai wuya a zaune a matattakala. Ta miƙe da ta gan ni, ta yi wa Alhaji doguwar magana. Ya ce 'yan matan sun bi kekunan, a can suke kwana, sun karɓi ragin. Ita ba za ta iya ba. Mota biyu ake shiga, kusan awa biyu, wa zai juya mata miji? Ta zaga wuraren ɗinkin unguwar, duk yara suke nema. Ta ce ni babban mai sayen kaya ne, lawban yana jin maganata. In taimaka in roƙe shi ya bar mata keke ɗaya a cikin gari, ta riƙa yin wuya a albashinta na da, ana zuwa ana ɗauka. Ba ta san komai ba game da abin da aka yi a ofis. Na ce a gaya mata zan je, ta same mu a nan jibi da hantsi.

Washegari muka shiga mota, muka wuce gadoji da gonakin kayan miya, har muka isa wata rumfar kwano a bakin kududdufi. Kekunan suna ta ƙara. Wata yarinya ce a kan wuya, ban ko tsaya duba aikinta ba. Na ce wa Alhaji ya gaya wa lawban na janye tayina, zan biya kuɗin da ya fara faɗa, ya mayar da matar nan aiki a cikin gari. A Kwari idan mai saye ya dawo bayan an sallama masa ya ce zai ƙara, ruƙiyya za a nema masa. Sai da Alhaji ya tambaye ni sau biyu kafin ya fassara.

Lawban ya yi dariya. Ya ce idan ƙari nake son yi ba zai ƙi ba, amma hawa na uku ya riga ya mayar wa mai gini. Kuma idan ya ajiye mutum ɗaya a albashin birni, kafin sati sauran sun ji. Sannan ya nuna min wasu diloli na yadi a jingine da bango. Ya ce farashin ya daina zama nawa ni kaɗai, mutum biyu daga ƙasarmu sun zo masa da shi a rubuce a takarda, kuma ya karɓa. Na san su. Suna zaune a gidan abinci ranar da nake cika baki, ɗaya ma shi ya biya min shayi.

Na zazzage masa duk abin da ke cikina da Hausa. Na ce masa azzalumi, macuci, mai shan gumin mata. Yana ta busa tabarsa, Alhaji kuma bai fassara ko kalma ɗaya ba. A mota na juya kan Alhaji.

"Kana gani, ka san abin da zai yi. Me ya hana ka yi magana?"

Ya ce, "Ka tambaye ni? Ba kai ka ce ku Kanawa ba a koya muku ciniki ba?"

Muka koma cikin gari. Da yamma na ja shi muka shiga wuraren ɗinki uku da na sani, ina yi mata neman aiki. Suna jin shekarunta da zancen awa guda da rana sai su ce meyo.

Ranar da muka yi da ita, tun kafin mu iso tana matattakala. Na ce wa Alhaji ya gaya mata ba a dace ba, kuma ya gaya mata dalili. Na ce ya faɗa mata ni ne na karya farashin, ni ne sanadin kwashe kekunan, kada ya rage komai. Ya yi mata magana, gajeriya ƙwarai, ba ta kai rabin abin da na faɗa ba. Ta gyaɗa kai. Na ciro kuɗi daga aljihu na miƙa mata, ta mayar min da hannu biyu, ta faɗi wata magana. Alhaji ya ce wai aiki ta roƙa, ba kuɗi ba. Sannan ta ɗan rusuna ta ce min, "Shiyeshiye, lawban." Wannan kam na sani, godiya ce.

Na ce, "Alhaji, me ka gaya mata?"

"Na ce ka je har can, ka yi iya ƙoƙarinka."

"Ba haka na ce ka faɗa ba. Gaya mata gaskiya."

Ya ce, "Ka koyi yaren ka gaya mata da bakinka." Ya juya ya fita titi.

Aka bar ni da ita a matattakala. Na nuna ƙirjina da yatsa, na ce ni ne, ni ne na yi miki. Ta dubi yatsan, ta yi murmushi, ta sake yi min godiya.