Agogon da Bai Iya Raɗa Ba

Agogon nan ni na saye shi da kaina, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. A teburin wani mai kayan waya na gan shi a kasuwar Tasawa, baƙi, fuskarsa kamar ta ƙaramar salula. Mai teburin ya ce yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya, yana nuna saƙo, kai har kira ana amsawa da shi ba sai an zaro waya daga aljihu ba. Ni kuwa lokacin sabon malamin lakwal ne a wani ƙauye ta wajen Urafane, ana ce mini mushe, wato malam da bakin Faransanci, ina ji da kaina. Tun a gaban teburin na ɗaura shi.

Ba a jima ba halinsa ya fito. Ci gare shi kamar gara, yau ka yi masa caji, jibi ya mutu. Ƙauyen da nake koyarwa babu kuran, wato wutar lantarki, sai in kai shi wurin mai sola ya kwanta cikin wayoyin mutane, ni kuma in yini ina duban hannu babu komai. Da bazara madaurin roba ya tara gumi, ya feso mini ƙuraje a wuyan hannu. Alwala sai na cire shi, in na manta shi kusa da buta sai in dawo a guje. In na ɗaga hannu zan yi kabbara sai ya kawo haske, dattijon da ke kusa da ni a sahu ya bi ni da harara. Ina rubutu a allo saƙo ya shigo, ƴan bencin gaba su riga ni karantawa. Ga ƙarya. In na hau moto, wato babur ɗina, kan hanya mai gargada, sai ya yi ta ƙirga mini takun da ban yi ba, har ya girgiza wai yana taya ni murna. Duk waɗannan na haƙura da su. Wanda ban ɗauka a bakin komai ba shi ne agogon bai iya raɗa ba. In ka amsa kira da shi, duk wanda ke kusa da kai ya ji abin da aka faɗa maka.

Babban yayanmu ya rasu a tsakiyar damina, da asuba, a gidansa na Tasawa. Magini ne, ƙaƙƙarfa, irin wanda ke saɓa buhun siminti yana hira. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi ƴan kwanaki, duk muka ɗauka na damina ne zai wuce. Ina hutu a lokacin, ina kansa ya cika. Ban gama gane abin da ya faru ba kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, ya kama hannuna ya ja ni bayan zaure.

Ya ce, "Auta, kai za ka je ka ɗauko Innarku. Amma ka saurare ni da kyau. Ka san tansiyonta, hawan jinin nan nata. Ka san faɗuwar da ta yi bara a madafa, har yau hannunta na hagu bai dawo daidai ba. In ta ji labarin ga bisa moto, cikin daji, gawa biyu za mu yi. Ka ce mata jikin yayanka ya matsa, shina son ganinta. Kada ka ƙara, kada ka rage. Sai ta shigo ta zauna cikin mata, ni zan gaya mata da bakina."

Na ce, "Kawu, in ta tambaye ni fa?"

"Ka yi mata ƙarya, alhakin bisa kaina. Kuma kada ka kashe waya, za mu riƙa neman ka mu ji inda kuke. Ba za a kai shi ba sai ta gan shi."

Haka ake yi a wurinmu, kuma ba na zagin al'adar. Tsoho ba a jefa masa mutuwa a hanya. Ana kawo shi ne a hankali, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a kewaye shi da mutanen da za su riƙe shi. Abin da kawai ba a faɗa shi ne wanda aka aika, shi wa zai riƙe shi. Na zuba wa moto isansi, na kama hanyar Korgom ina kuka a cikin iska, don na san da na isa babu sauran damar yi.

Ƙauyenmu yana gaba da Korgom kaɗan. Na tarar da Inna a bayan ɗaki tana tsinkar tafasa. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana duba na.

"Lahiya, auta, da hantsin ga?"

Na karanta mata abin da Kawu ya koya mini, kalma bayan kalma, idona a kan ƙwaryar tafasar.

Ta yi tsaki. "Yaron nan ba shi jin magana. Na aika masa ya bar aiki cikin ruwa, bai ji ba."

Sai ta shiga shiri. Ta ƙulla garin kunu. Ta ɗauko wasu sassaƙe na magani daga bayan randa. Ta sa ni na kama mata wata kaza, ta zauna tana ɗaure mata ƙafa da tsumma, da hannu ɗaya da haƙori, tana cewa romo ne zai tashe shi. Ina tsaye a kanta, na san a daidai wannan lokacin ana yi masa wanka. Wallahi ban taɓa jin na tsani bakina ba kamar ranar.

Duk wannan abin, agogon bai huta ba. Labari ya bazu, abokai da malamai sai aiko da ta'aziyya suke. Kowane saƙo ya shigo sai ya girgiza ya kawo haske. Na juya fuskarsa zuwa cikin hannuna.

Inna ta ce, "Wanga abu naka mi ya same shi yau, sai ɓari yake?"

Na ce, "Ƴan lakwal ne, Inna."

Wani zai ce me ya hana in cire shi in jefa aljihu. Na tambayi kaina wannan har na gaji. Hadari ya haɗo, na naɗe wayar a leda na tura ta can cikin aljihun wando, to da agogon ne kawai zan ga in Kawu ne ke kira. Dabarata ita ce in na ga sunansa in tsaya kamar zan kama ruwa, in shiga gero in zaro waya. In wani ne kuma in katse. Ni a ganina na gama tsara komai.

Muka hau. Kaza a rataye a kan moto, Inna a bayana ta riƙe rigata da hannunta mai lafiya. Mun wuce Korgom ba da nisa ba ruwa ya sauko, ba da ƙarfi ba, irin mai naci. Kira ya shigo, na duba, ba Kawu ba ne, na katse. Wani ya shigo, na katse. Sai muka shiga wani wuri tsakanin gonaki inda amalanke suka kwaɓe hanya, taɓo har gindin taya. Irin wurin nan in ka saki hannu ɗaya kun faɗi. Na riƙe kan moto da hannu biyu, ƙafafuna suna jan ƙasa. Agogon ya sake ɓari. Ban taɓa shi ba, na rantse da Allah ban taɓa shi ba. Hannun rigata ne da ya jiƙe ya goga fuskarsa, shi kuma bai san bambancin yatsa da jiƙaƙƙen tsumma ba.

Murya ta fito daga hannuna, rangaɗau. Wani abokin aikin Yaya ne, mai buga bulo, mutum mai baki kamar lasifika.

"Mushe! Innalillahi! Yanzun nan nake ji a tasha, wai yayanka ya rasu da asuba?" Ya kama sunansa, har da na mahaifinmu. "Yaushe za a kai shi?"

Na taka burki, na hau dukan agogon. Fuskar ta jiƙe, ta ƙi jin yatsana, ita da ta ji tsumma. Na yi ihu, "Kashe! Kashe wayar!" Shi kuma bawan Allah ya ɗauka rezon waya ne babu kyau, ban ji shi ba, sai ya ɗaga murya ya maimaita, a hankali, don in ji sosai.

Da na samu na katse, babu abin da nake ji sai ruwa a kan ganyen gero. Ina jiran in ji nauyinta ya zame daga bayana. Bai zame ba. Hannun da ke riƙe da rigata ne kawai ya saki.

Ta ce, "Sauke ni."

Ta sauka da kanta, ta taka zuwa bakin gona, ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta miƙe ƙafa. Na jingine moto na durƙusa a gabanta. Ina duban bakinta ko zai karkace kamar bara, ina duban idonta. Tsoro ya cika ni har na manta ni ma ɗan'uwana ne ya mutu. Ba mata, ba tabarma, ba ko ruwan sha, sai ni da kaza tana fuffuka.

Ta yi salati a hankali. Sannan ta ce, "Tun da ka shigo gidana ka sani?"

"Eh, Inna."

"Ka bar ni ina ɗaure kaza."

Ta daɗe a zaune, ruwa yana bin fuskarta, ban iya rabe shi da hawaye ba. Can ta miƙo mini hannu na tashe ta. Ta ce, "Mu tahi, in gan shi."

Ba mu yi nisa ba muka iske korama ta kawo. Da safe na ratsa ta ruwa bai kai gwiwa ba, yanzu ta cika ta batse, ja wur, tana tafe da kara da itace. Ruwan da aka yi can saman koramar ne ya gangaro. Ƴan kabu-kabu da masu amalanke sun yi cirko-cirko a baki, kowa na cewa sai ta janye. Na ce zan goya Inna in ratsa, wani dattijo ya ce in ina so in kashe ta, bisimilla. Muka fake a gindin wata bishiyar bedi. Azahar ta yi ta wuce, ruwa bai ragu ba.

Agogon ya yi ɓari. Wannan karon Kawu ne. Na yunƙura zan matsa gefe in zaro waya, Inna ta ce, "Amsa nan."

Na amsa. Kawu ya ce, "Auta, kuna ina? In tana kusa ka matsa."

Na ce, "Ta sani, Kawu."

Ya yi salati. Sannan na gaya masa korama ta tare mu. Na ji ya yi ajiyar zuciya. Ya ce kabarin da aka haƙa ruwa ya fara taruwa a ciki, an kwashe ya sake taruwa, ga wani hadari yana haɗowa, malamai sun ce ba a ajiye shi ya wuce la'asar. Yana magana yana inda-inda, shi da bai taɓa rasa ta cewa ba.

Inna ta kamo hannuna. Na ce, "Bari in fiddo miki wayar, Inna."

Ta ce, "Bar ta. Ta nan labarin ya zo mini."

Ta jawo wuyan hannuna kusa da bakinta, ta sunkuya a kansa. Ta ce wa ƙanenta, "Kada ku wahalshe shi saboda ni. Ku kai shi. Amma ka shiga inda yake, ka kai wayar ga kusa da kansa."

Kawu ya ce mata, "Yaya, an riga an sa masa likkafani."

"Na ji. Ka kai."

Muka ji takunsa, muka ji kukan mata ya matso sannan ya lafa, muka ji ƙarar ƙofar langa-langa. Ya ce, "Ga shi."

Sai ta kira shi da sunansa.

Yaya ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, daga "yaron nan" sai "wancan". Ko ɗan maƙwabta mai irin sunan, laƙabi ta sa masa don kada ta faɗa. A gaban mutane ba ta kallon sa ido da ido, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Yau ga ta a bakin korama, a gaban ƴan kabu-kabu, tana kiran sa da ƙarfi. Ta kira, ta saurara. Ta sake kira. Waɗanda ke kusa da mu suka sunkuyar da kai, wani ya zare hularsa ya rufe fuska.

Ta ce, "Ni ce. Na taso, ruwa ya tare ni. Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini, ban taɓa kiran ka ba."

Ba a ce komai ba daga can, sai shessheƙar Kawu. Hannuna ya yi tsami a sama, ban sauke ba. Ta jima a sunkuye kafin ta sake ni. Ta goge bakinta da gefen mayafi, ta dube ni kamar yarinyar da aka tsayar a gaban allo.

Ta ce, "Auta, haka ake faɗin sunan nasa?"

Na ce, "Haka ne, Inna."