Muryar da Ba Ta Amsa Gaisuwa

A Kankiya, duk wanda ya san Alhaji Audi mai shagon taki da iri ya san shi da doguwar gaisuwa. In kana sauri, kar ka bi ta ƙofarsa, domin sai ya tambaye ka gida da yara har da jakinka. Manoman Fakuwa da Sukuntuni sukan ce takinsa irin na kowa ne, gaisuwar ce ke mayar da su.

Da damina ta kusa, wayarsa ɗaya tilo ba ta hutawa. 'Yarsa Zahra, wadda ta karanci kwamfuta, ta mayar da shagon kan wayar intanet, yadda mutane da yawa za su kira lokaci guda, a ajiye wasu su jira. Audi ya ce ba za a sa wa masu jira kiɗa ba, Turanci kuma ko kusa. Shi da kansa zai yi magana. Aka ɗauki muryarsa: "Salamu alaikum, Audi ne. Albishirinku, sabon taki ya iso!"

Ya ji daɗin abin ƙwarai, har yakan kira shagonsa don ya saurari kansa.

Ranar wata Juma'a wani direba ya tsaya shan ruwa, ya ce, "Alhaji, ba a gan ka jana'izar Manu ba."

Audi ko labarin rasuwar bai ji ba. Manu ƙanen Dabo ne na Yashe, Dabo kuwa aminin Audi ne tun suna makarantar allo. Direban ya sunkuyar da kai ya ƙarasa ba shi labari. Dabo ya kira shagon da safiyar rasuwar, ya amsa sallama, ya faɗi mutuwa, Audi kuwa ya yi masa albishir da taki. Ya sake faɗa, aka sake yi masa albishir. Tun daga nan Dabo ya hana a ambaci sunan Audi a gidansa.

Zahra ta so ta goge muryar nan take, ta sa wadda za ta fara da cewa na'ura ce ke magana, a dakata mutum na zuwa. Audi ya ce ta yi hakan, amma sai ya dawo. Ya umarci yaran shago kada kowa ya ɗaga waya, ya hau babur.

Ya sami Dabo a zaure. Dabo ya amsa sallama don ta Allah ce, ya kau da kai.

"Mi ya kawo ka? Takin ne bai ƙare ba?"

"Dabo, don Allah kira shagona. Yanzun ga."

Da ƙyar ya yarda. Ya kara wayar a kunne, sai ga Audi yana ta albishir, alhali ga Audi zaune gabansa, baki rufe, idanu sun yi ja. Dabo ya dubi wayar, ya dubi mutumin. Ya sauke wata ajiyar zuciya mai nauyi.

"Ashe ba ka ji ba," in ji shi. Ya kashe wayar, ya matso, ya kama hannun Audi. "To, Audi, Manu ya rasu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Audi. "Allah shi jiƙan shi. Ya haƙuri, Dabo?"

"Haƙuri sai Ma'aiki," in ji Dabo, ya gyara masa wuri a tabarma.