Kububuwa a Bukkar Baffa

Abokan aikina a Abuja in sun dawo daga hutu sai su dame ni da hotunan tsibiran da suka je, ga teku ga kwakwa, su ce ni ban san daɗin duniya ba. Ba na ja da su. Ni ma na taɓa yin hutu a tsibiri, na yini guda, a bayan Dutsi, kuma ko maƙiyina ba na yi masa fatan irinsa.

Shekarar ruwa ya yi yawa. Na zo Daura hutu tsakiyar damina, bayan kwana biyu na wuce ƙauye gaida Baffa, ƙanen mahaifina, wanda a hannunsa na tashi. Ban same shi a gida ba. Inna, matarsa, ta ce kwanansa huɗu a gonarsa ta tudu yana gadin masara, ta aika sau biyu ya ƙi dawowa, ga hadari kullum, ga idonsa ya fara yana. Ta ce in je in taho da shi ko da ɗauka ne, tunda ni Allah ya yi wa baki da zafin kai.

Tudun yana tsakiyar fadama, masara ta rufe shi, sai tsamiya ɗaya da bukka ɗaya. Na tsallaka da hantsi, ruwa iya idon sawu. Na sami Baffa yana gasa masara, na isar da saƙo, ya ce ya ji, ya miƙo min ɗaya. Muna cikin ja-in-ja muka ji gurnani daga gabas. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, ruwan da aka yi can sama ne ya gangaro, ja wur, ɗauke da kara da itace har da mushen akuya. Kafin rana ta take tsaka, hanyar da na biyo ta ɓace, ruwa ya kewaye mu ta ko'ina.

Ban yi tunanin cewa ba mu kaɗai ke neman tudu ba. Duk abin da ke da rami a fadamar nan sai da ruwa ya kore shi. Tautau ne suka fara isowa, manya masu gashi, suna hawa karan masara har ganye ya yi baƙi. Ɗaya ya faɗo min a wuya, na yi tsalle na kurma ihu, na fyaɗa shi da ƙasa na ɗaga takalmi. Baffa ya riƙe min ƙafa da sandarsa. Ya ce a gonarsa ba a kashe gizo, shi ne ya yi saƙa a bakin kogo ya rufa wa Manzon Allah asiri. Ya ƙara da cewa mu 'yan birni kullum muna tinƙaho da macijin Kusugu kamar mu muka sare shi, ga ƙato da gemu yana rawa saboda tautau. Na ji haushi, na haɗiye.

Sauran halittun kuwa bai hana kashe su ba. Ya ba ni fartanya, ya riƙe sanda, muka tsaya bakin ruwa. Kunamu suka fito da ƙari a ɗage, na dinga take su ina jin ƙas ƙas a ƙarƙashin takalmi. Gafiya ta taso jiƙe, ta buɗe haƙora ta yo kaina, na sauke mata fartanya a ka, jini ya fantsamo min a wando, ba ta daina shure-shure ba sai a na uku. Shanshani ya hau ƙafar Baffa, ya kaɗe shi cikin garwashin masara, ya nannaɗe yana ƙauri. Wani guza ya fito da ɓera a baki, shaho ya sauko a gabanmu ya ɗauke ɗan ɓeran da ke bin bayansu. Macizai biyu muka kashe a bakin ruwan, na datse kawunansu na tura gangar jikin cikin ruwa tana murɗawa. Gaskiya na fara jin daɗin abin. Hannuna ya yi zafi, duk abin da ya motsa sai na kai masa sara, har kwaɗon da bai yi min komai ba.

Ruwa bai daina hawa ba. Baffa ya ce akwai babban gora a bukka, irin wanda masu fito ke kifa ciki a kai su haye, mu ɗauko tun ruwan bai fi ƙarfinmu ba. Na ji sanyi a raina, tsoho ya yarda zai tafi. Muka sunkuya muka shiga. Goran yana jingine da buhun taki, a gindinsa kuma kububuwa ce a nannaɗe, 'yar ƙarama, tana goga jikinta da juna tana wani sauti kamar an zuba ruwa a mai mai zafi.

Na ɗaga fartanya. Baffa ya tare ni da hannu.

"Wannan a ɗaki take, ba a saran na ɗaki sai an yi masa gargaɗi sau uku. Ba ka san ko ba maciji ba ne."

Na san zancen, da shi aka rene mu: macijin da ya shigo ɗaki yana iya zama aljani, sai an roƙe shi ya fita, in ya ƙi sannan jininsa ya halatta. Na ce Baffa, wannan bukkar kara ce ba ɗaki ba, kuma ruwa ne ya koro ta kamar 'yan uwanta da muka kashe yanzun nan. Ya ce inda mutum ya kwana ya yi salla ɗaki ne. Ya durƙusa, ya ɗan matsa saboda idonsa, ya haɗa ta da Allah ta fita ta ba mu wuri. Ba ta motsa ba. Ya jira, ya maimaita. Ni kuwa ina jin ruwa yana cin gindin masara a bayana, zuciyata tana tafasa. Bai buɗe baki a na uku ba na kai sara ta saman kafaɗarsa.

Ƙotar fartanyar ta daki rufin bukka, saran ya kauce, wutsiya kawai na datse. Ban ma ga tashinta ba. Na dai ga Baffa ya yarfe hannun dama, abin yana lilo a gindin babban yatsansa. Na bi ta da sara, na sare ta har sai da na rasa abin sara, ina zaginta ina zagin uwarta. Baffa kuwa yana duban ɗigo biyu na jini a hannunsa.

Sai na yi abin da na ga ana yi tun ina yaro. Na ciro igiyar buhu na ɗaure masa hannu ƙasan gwiwa, na ja da haƙori har igiyar ta nutse cikin nama. Na karɓi wuƙar da yake yankan masara da ita na tsaga wurin sau uku, na matse. Jini ya zubo, kuma bai tsaya ba. Na yaga rigata na ɗaure, ta jiƙe, na ƙara wani ƙyallen, shi ma ya jiƙe. A nan tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na kifa shi a kan goran, na riƙe wuyan goran da hannu ɗaya, muka faɗa ruwa. Ya kai min ƙirji, ya kai wuya, wani wuri ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Itace ya dake ni a haƙarƙari, ƙaya ta yage min cinya, tautau da suka maƙale a goran suna yawo a fuskata ban ko kaɗe su ba. Ruwan ya ja mu nesa kafin ya tofar da mu a gonar gero. Na goya Baffa zuwa titi, ɗan acaɓa na farko da ya ga jinin ya tsaya, muka sa tsohon a tsakiya. A hanya Baffa ya tofar da yawu na ga ja ne. Ina ta kiran sunan Allah ina ce masa mun kusa, alhali ba mu kusa ba.

A asibiti suka kwance igiyar, suka sa masa allurar maganin dafi da ƙarin jini. Hannun ya kumbura ya yi baƙi. Likita ya ce dafin suna iya maganinsa, amma ɗaurin nan da tsagar sun gama da hannun, ya tambayi wane ne ya yi wannan aika-aika. Na buɗe baki, Baffa ya riga ni.

"Ni ne, likita. Da hagu na yi."

Likitan ya dubi shatin igiyar, ya dube ni, ya ci gaba da rubutunsa. Bayan kwana shida suka yanke hannun daga gwiwa. Baffa ya rayu. Ko sau ɗaya bai yi min zancen gargaɗin da ban bari ya ƙarasa ba, Inna ma abin da ya gaya wa likita shi ya gaya mata. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar da muka dawo da shi gida, Inna ta yi tuwon dawa miyar kuka, ta ajiye mana a zaure ta koma ciki. Baffa ya daɗe yana kallon kwanon. Wannan mutumin shi ya raba ni da ci da hagu ina ƙarami, da tsumagiya, har sai da bayan hannuna ya fashe. Na wanke hannu na gutsuro loma zan kai masa baki, ya girgiza kai. Ya jawo kwanon gabansa da hagu, ya yi bisimilla, ya tsaya.

"Juya min baya, ɗan nan," ya ce.

Na juya na fuskanci bango, ina jin tuwon yana suɓuce masa yana komawa cikin miya.