Baƙon da Ya Shigo Ba Sallama

Baba Abdulmumini mutumin Mirriya ne. Ya zo Tamanrasset da ƙarfinsa, ya yi shekara ashirin yana ɗaukar bulo, har bayansa ya gaji. Daga nan Sufyanu, wani ɗan garinsu mai gyaran waya kusa da kasuwar Assihar, ya ba shi gadin wani ɗaki a bayan shago.

Ɗakin gwaji ake ce masa. Wayoyi ne kusan talatin a jere kan katako, tsofaffi da sababbi, duk an jona su da ordinatar guda, wato kwamfuta. Masu ƙirƙirar manhaja kan zo su gwada aikinsu, su ga wace waya za ta karɓa, wace za ta ƙi. Baba ke buɗe musu. Mabuɗin yana rataye a wuyansa, kuma ba ya cire shi sai an yi sallama, an tambayi gajiya da iyali.

Wata rana Sufyanu ya ce, "Baba, yanzu ba sai sun zo ba. Na ba su lambar sirri. Daga Maraɗi, daga Agadas, kowa zai shigo ta rezo, wato intanet."

"Ta wace ƙofa?" in ji Baba.

Sufyanu ya yi dariya ya wuce. Baba ya shafa mabuɗinsa. In ɗaki ya daina buƙatar mai buɗewa, ya san abin da ke biyo baya.

Washegari yana shara, waya ta bakwai ta haska, ta kama aiki ita kaɗai. Baba ya jingine tsintsiya ya jira sallama. Shiru. Ya ƙara jira, don shi ba mai gaggawa ba ne. Sannan ya zare igiyar rezo, ya naɗe ta, ya sa a aljihu.

Ba a jima ba Sufyanu ya shigo yana huci, waya a kunne. Aishatu Humaira ce a wayar, wata mai ƙirƙirar manhaja daga Maraɗi, gwajinta ya tsaya a tsakiya.

"Baba, wa ya cire igiyar?"

"Wani ne ya shigo ba sallama. Ban san ko ɗan gidan wa ba ne."

Sufyanu ya buɗe baki zai yi maganar korar da Baba ke tsoro tun jiya, sai dariya ta fito daga wayar.

"Ba ni shi," in ji Aishatu. "Baba, ina kwana? Ni ce marar kunyar."

"Ashe ma ɗiya ce. Mutan gida lafiya?"

"Lafiya lau. Baba, in ka mayar da igiyar, ka taimaka ka kashe mini ta bakwai ɗin nan ka kunna. Tun ɗazu take maƙalewa."

Baba ya dubi Sufyanu a hankali. "Lambar sirrin ba ta da hannu ne?"

Sufyanu ya sosa ƙeya, ya fasa maganar korar.

Kafin sati ya zagayo, Aishatu ta ƙara wani abu a ordinatar. Yanzu duk wanda ya shigo ta rezo, sai ordinatar ta yi sallama da murya, ta faɗi sunansa da garinsa. Baba yana amsa wa kowa, har ya tambayi ruwan bana. Sufyanu ya sha gaya masa ba sa ji.

"Ni dai na amsa," in ji Baba, ya ci gaba da goge wayoyinsa, mabuɗin na lilo a wuyansa.